Shekarar da Babu Mai Sa Mana Hannu

Bayan na ajiye aikin gwamnati sai na buɗe ɗan wurin karɓar haihuwa a Zurgu, a wani fili da maigidana ya gada. Ɗaki biyu ne da rumfa, ɗaya na awo, ɗaya na haihuwa mai gado biyu. Ni ungozoma ce ta asibiti, na yi karatun, na kuma daɗe a ɗakin haihuwa kafin in fito. Kullum da safe Malam, maigidan nawa, yakan kawo ni daga Rano a babur ya wuce gona, da yamma ya biyo ya ɗauke ni. Mai taya ni aiki wata dattijuwa ce da duk garin ke kira Inna. Ungozomar gargajiya ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma da yawa daga cikin matan da ke zuwa wurina ita ta yanke musu cibiya. Ita ke dafa ruwa, ta wanke mai jego, ta riƙe mace idan naƙuda ta tsananta. Allura da almakashi kuwa nawa ne, tun ranar farko muka yi wannan magana.

Duk shekara idan bazara ta shigo nakan tafi Kano in sabunta lasisi a hukumar jiha da ke yi wa irin wurarenmu da masu aiki a cikinsu rajista. Abu ne da na saba. In cike fom, in miƙa takarduna, bayan 'yan makonni in koma in karɓo sabuwar takarda in rataye a bango, inda duk wanda ya shigo zai gani.

A wannan shekarar da na isa ofishin sai na tarar da shi tsit. Benci babu kowa, ƙofar shugaba a kulle, akawu ɗaya ne kawai a zaune yana fifita da bangon fayil. Ya san ni, don shi ke karɓar takarduna duk shekara. Muka gaisa, ya duba fom ɗin ya ce komai ya cika, sannan ya ɗora shi a kan wani tulin fayil da ke bayansa. Daga nan ya yi mini bayani. Dokar da ta kafa hukumar tana da wa'adi, wa'adin kuma ya cika. 'Yan majalisar dokoki sun ce ba za su sabunta ta ba sai sun binciki yadda hukumar take aikinta, saboda koke-koke sun yi yawa. Shugabannin duk sun sauka. Har sai majalisa ta gama, babu mai ikon sa hannu a lasisin kowa.

Na tambaye shi yaushe za a gama, ya ce bai sani ba. Na ce masa nawa lasisin ƙarshen wata zai ƙare, to bayan nan ina na tsaya?

"Hajiya, gaskiya ban sani ba," in ji shi. "Ba a ce ki rufe ba, ba a kuma ce ki ci gaba ba."

Na roƙe shi ya ba ni ko 'yar takarda ce mai nuna na kawo fom a kan lokaci. Ya ce hatimin yana cikin ofishin da aka kulle. Ya yagi gefen wata takarda ya rubuta cewa ya karɓa, ya miƙo mini. Na ninke na sa a jaka, ina sane da cewa ba za ta tsare ni daga komai ba.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne, a daidai lokacin ana ta maganar wani mutum da aka kama a wani gari yana yi wa mutane tiyata ba shi da takardar komai, har mace ta rasu a hannunsa. Kullum a rediyo sai an yi zancen likitocin bogi, ana cewa za a bi ƙauye-ƙauye a rufe duk inda ba shi da lasisi. Idan na ji sai in kashe rediyon, can kuma in sake kunnawa don kada a faɗi wani abu ban ji ba. Na riƙa hango ranar da za a zo a sa wa ƙofata kwaɗo a gaban matan da suka yarda da ni, a haɗa sunana da na mutumin nan. Wa zai tsaya ya bambanta wadda lasisinta ya ƙare da wanda bai taɓa samu ba?

Malam ya ce in rufe har a gama, mutuncina ya fi masa komai. Na ce idan na rufe gaba ɗaya mutane za su ce laifi aka kama ni da shi. Muka tsaya a kan zan ci gaba da awo kawai, duk wadda haihuwarta ta zo in tura ta asibiti a Rano. Na gaya wa Inna. Ta ce yawancinsu ba za su je Rano ba, a ɗaka za su haihu, ita za a kira kamar da, babu safar hannu babu allura. Na san gaskiya ta faɗa. Duk da haka ranar da lasisin ya ƙare na ja ƙofar ɗakin haihuwa na rufe.

Haka muka yi har damina ta kankama. Na je Kano sau biyu, amsar ɗaya ce.

Wata ranar Laraba aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ƙyar muka iso da Malam, don muna tsallake kwalbatin da ke hanyar Rano ruwa ya fara hawa kansa. Ranar bai wuce gona ba. Da hantsi sai ga amalanke ya tsaya a bakin rumfa, an shimfiɗa wa mace tabarma a ciki an lulluɓe ta da leda. Na gane ta, tana zuwa awo. Matar wani direba ce da ke kai hatsi Kano, cikinta na shida. Surukarta ce ta kawo ta, ta ce mijin ya tafi tun asuba, faya kuma ta fashe tun suna karyawa.

Na fara cewa a wuce da ita Rano. Mai amalanken ya ce ruwa ya shafe kwalbati, ko babur ba ya wucewa. Na ɗaga zaninta na duba, sai ga kan jariri. Inna ba ta jira na ce komai ba, ta je ta tura ƙofar ɗakin da na rufe.

Haihuwar ba ta ba da wuya ba. 'Ya mace ce, ta fito tana tsala kuka. Na ɗauko allurar da ake yi wa mace don mahaifa ta matse, daga cikin robar da nake jefawa a randa saboda sanyi, na yi mata. Mabiyiya ta fito cikakkiya. Ina cikin cewa alhamdu lillahi sai na ga jini yana zuwa, ba irin wanda aka saba ba. Na taɓa cikinta na ji mahaifar ta saki, laushi tuɓus. Na shiga murzawa, na ce wa Inna ta sa mata jaririyar a nono. Na ƙara wata allurar. Na sa mata ƙarin ruwa. Jinin ya ɗan lafa, ya sake dawowa. Matar ta ce mini tana ganin duhu-duhu, leɓenta ya yi fari.

Na sha ganin jini ya ɓalle a rayuwata, amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Abu biyu ne a raina lokaci ɗaya, kuma har yau ina jin kunyar na biyun. Ina tsoron ta mutu, ina kuma tsoron ta mutu a ɗakina, ƙarƙashin takardar da ta ƙare.

Surukar ta kira ɗanta a waya, shi kuma ya kira abokan aikinsa a tashar Rano. Suka turo mota ta tsaya a ɗaya gefen ruwan. Maza huɗu suka ciro ƙyauren ɗakin awo, muka kwantar da ita a kai, suka ɗauka a kafaɗa. Ruwan ya kai mini ƙugu. Hannuna ɗaya yana danne da cikinta, ɗaya yana ɗage da ledar ƙarin ruwa, Malam yana riƙe da ni ta baya don kada ruwa ya ja ni. Takalmina ɗaya a nan ya tafi.

A asibiti aka karɓe ta da gaggawa, aka yi mata tasu allurar, aka ƙara mata jini. Kafin la'asar ta buɗe ido ta tambayi 'yarta. Ina zaune a benci da jiƙaƙƙen zani sai nas ɗin da ke kan aiki ta kawo mini takardar da mai turo mara lafiya ke cikewa. Yarinya ce da na koya wa aiki a da. Akwai wurin da ake rubuta lambar lasisi da ranar ƙarewarsa. Ta san halin da ake ciki, sai ta rage murya ta ce in bar wurin haka, babu mai dubawa. Na daɗe riƙe da biro. Idan na bari, kuma daga baya aka duba, za a ce ɓoyewa na yi. Na rubuta lambar, na rubuta ranar da ya ƙare, a ƙasa na ƙara cewa na kai fom ban sami mai sa hannu ba. Tun kafin in miƙa mata na fara da-na-sani.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Duk motar da ta rage gudu a bakin hanya sai gabana ya faɗi. Abinci ba ya shiga. An yi sunan jaririyar, aka aiko mini da nama da goro, na kasa zuwa. Malam yakan ce in bar wa Allah, ni na ceci rai, ban kashe ba. Nakan ce haka ne, amma ba ya zama a zuciyata.

Sai ga saƙo daga dagaci cewa kwamitin lafiya na majalisa zai zagayo Rano da Kibiya, kuma wurina yana cikin inda za su tsaya. Na tabbata takardar nan ce ta kai gare su. Kwana uku muna wanke-wanke da Inna, har bango muka goge. Na tattara takardun makarantata da tsofaffin lasisina da 'yar guntuwar takardar akawu na jera a tebur. Ana gobe za su zo Inna ta ce ita ba za ta fito ba, kada a ganta a ce na ajiye wadda ba ta da takarda. Ya kamata in ce mata ta zo. Ban ce ba, na ma ji sauƙi a raina, ita kuma ta lura.

Bayan azahar suka iso a mota uku. Matan unguwa suka cika rumfa, wasu don su gani, wasu don su tsaya mini. Shugaban kwamitin dattijo ne mai sanyin magana, tare da shi akwai wata likita da suka ɗauko ta riƙa duba musu abin da ba su sani ba, da mai rubutu. Na ba su kujeru, ni na tsaya. Shugaban ya buɗe fayil, na hango rubutuna a takardar asibiti.

Ya ce in zauna. Ya ce sun ga abin da na rubuta, kuma ba ni suka zo tuhuma ba, irina suna da yawa a jihar, jinkirin ma daga wajensu yake. Hukumar suke bincike, suna so su san ko ta cancanci a sabunta ta yadda take, ko sai an gyara dokar. Sannan ya tambaye ni sau nawa ma'aikatan hukumar suka zo duba wurin nan tun da na buɗe.

Na tuna akawun nan da kirkinsa, na ji kamar zan ci amanarsa. Amma na ce, "Ranka ya daɗe, ba su taɓa zuwa ba. Ni nake zuwa wurinsu. Lokacin buɗewa ma hoton ɗakunan aka ce in kai."

Ya dubi mai rubutu, mai rubutu ya rubuta. Ya yi mini wasu tambayoyi, na amsa, hankalina ya fara kwanciya. Har na soma tunanin yadda zan ba Malam labari muna dariya.

Ita kuwa likitar tana ciki tana dubawa. Ta buɗe tukunyar da nake dafa kayan aiki, ta duba almakasai, ta ɗaga katifa. Can ta leƙo ta ce, "Hajiya, ɗan zo mana." Na same ta tsaye a gaban randa, robar allurai a hannunta. Ta tura ƙofa don kada na rumfa su ji. Ta tambaye ni tun yaushe nake ajiye su a nan. Na ce tun bara da firjina ya lalace, wutar ma ba samu muke ba, randar kuma tana da sanyi. Ta tsoma hannu a ruwan, ta ce in tsoma nawa. Na tsoma. Sanyi ne na ruwan sha, ba na firji ba.

"Waɗannan sun yi bazara a nan?" ta tambaya.

Na ce sun yi.

"Matar nan da kika kai asibiti, guda nawa kika yi mata?"

"Biyu, Likita. Bai tsaya ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce na sani kamar yadda ta sani, wannan allura zafi yana kashe mata ƙarfi, a ido kuma ba a ganewa. Ta ce ba za ta iya rantsewa cewa shi ya sa jinin bai tsaya ba, mace mai haihuwa ta shida tana iya zubar da jini ko da allura mai kyau. Amma ba za ta iya cewa ba shi ba ne.

Na sani. An koya mana a makaranta, ni ma na koya wa wasu. Ranar da firjin ya lalace na ce na kwana biyu ne kafin a gyara, kwana biyu suka zama wata, wata ya zama shekara, har na daina ganin randar a matsayin matsala. Watanni ina kwana ina tashi da tsoron takarda, ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da ke cikin robar nan ba. Na jingina da bango, na ji kamar ruwan kwalbatin ne ya sake kai mini ƙugu.

Ta gaya wa shugaban a gabana, ba ta ƙara ba ta rage ba. Sai ya ce shekara da shekaru ana sa wa wurin nan hannu, da an taɓa zuwa sau ɗaya da an gani. Ba su da ikon rufe ni, ba su kuma da ikon ba ni lasisi. Amma likitar ta roƙe ni kada in sake karɓar haihuwa sai na sami firji mai aiki, ta kuma tafi da alluran. Matan rumfa suka ga baƙi sun fita suna yi mini sallama da mutunci, suka yi ta yi mini barka. Na amsa musu da ƙyar.

Washegari na je gidan direban. Matar tana zaune a tsakar gida tana shan kunun kanwa, har yanzu ba ta gama murmurewa ba, idan ta miƙe sai ta dafa bango. Na yi niyyar gaya mata komai. Da na fara, surukarta ta katse ni da godiya, ta ce ba don ni ba da yanzu wani zancen ake. Na ɗauki jaririyar na yi mata wasa, na fito ban faɗa ba. Inna kaɗai na gaya wa, bayan na ba ta haƙuri a kan ranar da na bar ta a gida. Ta ce ya wuce. Game da allurar kuwa ta ce ita ba ta san wannan ba, amma tun da na sani, to in gyara.

Na sayar da tumakina aka kafa mini sola da ɗan firji mai ma'aunin sanyi a jiki. Bayan kaka majalisa ta sabunta dokar, da gyara a ciki cewa ba za a sa wa kowa hannu ba sai an je an ga wurinsa, kuma hukumar za ta riƙa kai wa majalisa rahoto. Aka naɗa sababbin shugabanni. Mutum biyu suka zo mini ba sanarwa, suka buɗe firji, suka duba komai, suka ce in ƙara taga a ɗakin haihuwa. Na ƙara. Lasisin ya fito. A tsakanin nan mata da yawa sun haihu a ɗaka a hannun Inna, yawancinsu lafiya. Ɗaya ta rasa jaririnta, kuma ban san ko da ɗakina a buɗe yake da ya rayu ba.

Akwai wata ƙawata a Kahu, tare muka yi makaranta, ita ma tana da wuri irin nawa. Kwamitin bai biya ta wurinta ba. Na san ita ma a randa take ajiyewa, don ni na ba ta shawarar. Wata Asabar na sa Malam ya kai ni, muka zauna a ɗakin awonta na ba ta labari tun daga farko. Ta saurara har na gama, sannan ta ce shekara nawa tana yi babu abin da ya faru, ni dai an tsorata ni ne, yanzu na zama bakin gwamnati. Na ce mata ni ma haka nake cewa kafin ranar Larabar nan. Ta tashi ta kawo mini ruwa, ta shiga tambayata labarin yara.

Tun daga ranar gaisuwarmu ta koma ta waya, sama-sama. Na ji an ce masu dubawa sun je wurinta daga baya, amma ban san abin da suka tarar ba, kuma na kasa tambayarta.